Kiwon kaji a gida da zaɓen ƙwai a Guci

A Guci, cikin gundumar Dungas da aka ɓalle daga Magariya a 2011, kajin gida asusu ne na mata: a sayar da ɗaya, a sayi magani ko cefane. Babbar barazanarsu ita ce cutar Niyukasal, wadda ke kwashe kaji lokacin ɗari. Ba ta da magani, sai rigakafi wajen ma'aikatan kiwo tun kafin sanyi ya shigo. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2, domin a Magariya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, a Fabrairun 2006.

Ƙwan zabi yakan wadata da damina, kuma ɓawonsa mai kauri ya fi jure tafiya. Na kajin gida kuwa, wani an riga an kwanta a kansa, ga zafi na saurin lalata shi. Kafin a biya, a saka ƙwai cikin ruwa: sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya taso sama a bar shi. A guji mai tsaga, kuma a dafa shi sosai.