Ma'aunin Kusurwa da Sifofin Gilashi a Na'urorin Saitin Makaman Soja

Duk na'urar saiti, daga madubin da ake ɗora wa bindiga har zuwa na'urar daidaita igwa, aikinta shi ne mayar da abin da ido ya hango zuwa kusurwar da za a auna. Layin gani miƙaƙƙe ne daga ido zuwa abin hari, harsashi kuwa lanƙwasa yake yi saboda nauyinsa, don haka dole bakin makami ya ɗaga sama da wannan layi. Wannan ita ce kusurwar ɗagawa. Kusurwar juyawa kuma ana ƙirga ta ne daga arewa, ana bin hannun agogo.

Da'ira tana da digiri 360, kowane digiri yana da minti 60, kuma minti ɗaya yana rufe kimanin santimita 2.9 a nisan mita 100. Masu harba igwa sun fi amfani da mil, wanda ya samo asali daga wani ma'aunin kusurwa da ake kira radiyan. Idan aka raba radiyan gida dubu, da'ira za ta ƙunshi kusan 6283, kuma kowane ɗaya yana rufe mita ɗaya a nisan mita 1000. Da wannan ake gano nisa ba tare da awo ba: motar da tsawonta ya kai mita 6, in ta cike mil 3 a madubi, tana nisan mita 2000.

Da yake 6283 ba ya rabuwa cikin sauƙi, rundunoni sun daidaita shi, kowa da nasa. Ƙungiyar NATO ta ɗauki 6400, Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta 6000, Suwidin kuma a da ta daɗe tana amfani da 6300. Gabas ke nan mil 1600 ce a tsarin farko, 1500 a na biyu. Wannan bambanci ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, musamman a rundunonin da ke haɗa makaman Rasha da na Yammacin Turai. Gyaran mil 100 digiri 5.625 ne a tsarin NATO, digiri 6 a na Sobiyet. In aka ba da umarni da wani tsari aka aiwatar da wani, harsashi zai kauce da kusan mita 65 a nisan kilomita 10, tazarar da za ta iya kai shi kan gidajen jama'a.

A ɓangaren gilashi, alamar 7×50 a jikin na'urar hangen nesa tana nufin girman abu ya ninka sau 7, faɗin gilashin gaba kuma milimita 50. Raba 50 da 7 yana ba da faɗin hasken da ke isa ido, kusan milimita 7, daidai da iyakar buɗewar idon matashi a duhu, shi ya sa wannan samfuri ya dace da dare. Ƙara ninki yana ƙuntata filin gani, yana kuma bayyana rawar hannu.

Zanen saiti shi ne layukan da ke cikin madubi. Na'urar PSO-1 ta bindigar Dragunov, mai ninki 4, tana da lanƙwasasshen zane da aka gina a kan tsayin mita 1.7, mai auna nisa daga mita 200 zuwa 1000. Idan hoton abin hari da zanen ba su faɗi wuri ɗaya a cikin madubi ba, motsa kai kaɗan yana sa zanen ya goce daga kan abin hari, kuma ana gyara wannan da maɓallin daidaita nisa a na'urorin da ke da shi.