Tarihin leda da yunƙurin yin wadda ƙasa za ta cinye

1/ Jiya na tsaya sayen awara a Kwangila, aka ƙunsa min a leda biyu, yaji a ta uku. Sai na tuna kakata ta ce a zamaninsu ganye, ƙwarya da takardar siminti ne mazubi. To yaushe leda ta mamaye mu? Ku biyo ni 🧵

2/ Sinadarin leda, wato foliyetilin, an gano shi ne bisa tsautsayi a kamfanin ICI na Ingila a 1933. A 1965 kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu, ƙirar injiniya Sten Gustaf Thulin. Mu kuma fiya wata ya zo a shekarun 1990 ya ƙarasa mu.

3/ Matsalar ita ce ƙwayoyin halittar ƙasa ba sa iya cinta. Ku leƙa kwalbatoci da damina, ko bakin Kubanni. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki.

4/ A shekarun 1970 wani Bature, Gerald Griffin, ya kawo dabarar cuɗa sitaci cikin leda. An ɗauka an gama. Ashe sitacin kaɗai ke ruɓewa, ledar kuma ta marmashe ta zauna a ƙasa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

5/ Me ya sa ba a yi da sitaci zalla ba? Yana tsagewa, ga shan ruwa. Ana sa masa gilisarin ya yi laushi, a haɗa shi da roba ya yi ƙwari. Ƙara sitaci, ta yi saurin ruɓewa amma ta rage ƙarfi. Rage shi, ka koma gidan jiya.

6/ Wajen 1990 kamfanin Novamont na Italiya ya fito da Mater-Bi: sitaci haɗe da robar da ita ma take ruɓewa. Nan aka kamo bakin zaren.

7/ Wasu hanawa suka yi: Bangladesh a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017.

8/ Abin takaici, Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman rogo, ga masara, ga ABU a Samaru da NARICT a Basawa. Sitaci a ƙofar gida, amma har yau baƙar leda muke kwashewa daga gonaki.

9/ Don haka in ka ga an rubuta wa leda “mai ruɓewa”, tambayi da wace roba aka haɗa ta. Ni dai gobe da kwanona zan je wajen mai awara.