Yadda Gidajen Kiɗan Buluz Na Kudancin Shikago Suka Mutu Ɗaya Bayan Ɗaya

Mai karatu, in ka taɓa jin wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka mai tafiya a hankali, jita tana kuka mawaƙi yana amsa mata kamar mai ba da labarin baƙin cikinsa, to shi ne ake kira buluz. A gonakin auduga na jihar Misisipi da maƙwabtanta ya tashi, a bakin jikokin bayi. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Gerhard Kubik ya fitar da littafi a 1999 kan asalin wannan kiɗa, inda har ya kwatanta salon waƙar wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru da na wani mawaƙin Misisipi, Big Joe Williams. Wannan magana ce ta wata rana. Yau labarin ɗakunan da ake yin kiɗan a birnin Shikago zan ba ka, da abin da ya cinye su.

Daga wajen 1916 zuwa 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka baro kudancin Amurka suka nufi biranen arewa da na yamma, gudun wariyar launin fata da aikin gonar da ba ya fid da mutum daga bashi. Mutanen Misisipi jirgin ƙasa na Illinois Central suke hawa ya sauke su a Shikago, inda akwai aiki a babbar mahautar birnin da kamfanonin mulmula ƙarfe. Sai dai ba ko'ina aka yarda su zauna ba. An matse su a wani zirin unguwanni na kudancin gari da ake kira Bronzeville, daga baya kuma a wani yanki na yamma, gida ɗaya a yanka shi ɗaki-ɗaki a zuba iyalai. A 1950 unguwar Grand Boulevard kaɗai, wadda take tsakiyar wannan ziri, tana da mutum sama da dubu 114.

Cikin waɗannan baƙi akwai Muddy Waters, wanda ya iso a 1943. Da rana yana aikin ƙarfi, har tuƙin babbar mota ya yi, da dare yana kiɗa a gidajen mutane da ƙananan mashaya. Nan ya gane cewa jitar katako da ya saba da ita a ƙauye ba a jin ta cikin hayaniyar birni, sai ya koma mai amfani da lantarki. Ka ga ke nan ɗakin ne da kansa ya canza kiɗan. Aka ƙara ganga, aka ƙara fiyano, mai busa hamonika ya haɗa ta da makirfo ya danna a baki, abin da duniya ta sani da buluz na Shikago ya fito. Kamfanin faifai na Chess, na wasu 'yan'uwa biyu Leonard da Phil, shi ya riƙa ɗaukar su yana sayarwa, amma faifai na minti uku ne, ainihin abin a mashaya ake yin sa har gabanin asuba.

Kada mai karatu ya ɗauka wasu manyan zauruka ne masu fitilu. Mashaya ce ta unguwa, ana sayar da giya, ana rawa, wani lokaci a yi faɗa har a zare wuƙa, ba abin da zan ɓoye a nan. Wadda ta fi suna ita ce ta Theresa Needham, 'yar Misisipi, wadda ta buɗe a 1949 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan haya mai lamba 4801 a titin Indiana. Sai ka sauka 'yan matakala kafin ka shiga. Makaɗa a ƙuryar ɗaki suke, dab da masu sauraro, mai jita yana iya miƙa hannu ya taɓa teburin da ke gabansa. Junior Wells mai hamonika ya shafe shekaru a nan kamar gidan ubansa, Buddy Guy ma ya yi zamansa a wurin. Faifan Wells na 1965, Hoodoo Man Blues, an yi shi ne da niyyar a kamo irin sautin da ake ji a ɗakin Theresa. Ita kuwa tana bayan kanta, ita ce mai kuɗi, ita ce mai gadi, ita ce alƙali in rigima ta tashi, makaɗa suna kiran ta Mama. Ban da nata akwai Pepper's da aka buɗe a 1956 a titi na 43, akwai 708 Club a titi na 47, akwai Silvio's a yamma inda Howlin' Wolf ya fi zama.

Abin da ya riƙe waɗannan wurare shi ne mai kiɗa da mai sauraro duk 'yan gari ɗaya ne, sau da yawa ma 'yan ƙauye ɗaya can kudu. Mutumin da ya wuni yana fiɗar shanu ko yana gaban wutar narka ƙarfe, ran da aka biya shi sai ya sa kwat ya tako da ƙafa, ya tarar da wanda zai rera masa abin da ke cikinsa da harshen garinsu. Kuma nan ce makarantar. Buddy Guy ya sha ba da labarin zuwansa daga Luwiziyana a 1957, ya kwana biyu ko uku bai ci abinci ba, aka kai shi 708 Club inda Otis Rush yake wasa, aka ba shi dama ya hau, labari ya kai wa Muddy Waters, ya zo da kansa ya ba shi burodi da nama a cikin mota. Yaro ya zauna a gefe wata da watanni yana kallon yatsun manya, ran da aka kira shi in ya yi shirme a kore shi da dariya. Ranar Lahadi kuma kowa ya nufi kasuwar titin Maxwell, inda makaɗa kan biya wani mai gida 'yan kuɗi su jawo wayar lantarki ta taga su kafa kayansu a bakin hanya.

To me ya faru? Mutane sukan ce ai matasa ne suka guji kiɗan, kuma akwai gaskiya a ciki. Daga shekarun 1960 samarin baƙaƙe suka koma wa kiɗan sol irin na Motown da James Brown, wasunsu suna ganin buluz kiɗan tsofaffi ne mai tuna musu da gonar auduga da rusuna wa Bature. Daga baya disko ya zo, mai mashaya ya lissafa ya ga biyan mutum ɗaya mai sa faifai ya fi masa sauƙi a kan biyan makaɗa biyar. Amma ni a ganina wannan bai isa ya kashe su ba, don tsofaffin suna nan kuma suna son abinsu. Aljihun tsofaffin ne ya bushe, unguwar kuma ta watse. An rufe babbar mahauta a 1971. Kamfanin Wisconsin Steel ya rufe a 1980, ma'aikata dubbai suka wayi gari ba aiki, babban kamfanin ƙarfe na South Works ya yi ta rage mutane har ya rufe a 1992. A yamma kuwa tarzomar da ta biyo bayan kisan Martin Luther King a 1968 ta ƙone shaguna da yawa a titin Madison, an daɗe ba a sake gina su ba. Masu ɗan hali, da dokokin hana su zama a wasu unguwanni suka sassauta, sai suka kwashe iyalansu suka yi gaba. Shi kansa Muddy Waters ya bar unguwar a 1973 ya koma Westmont a bayan gari. Zuwa shekarar 2000 Grand Boulevard mai mutum dubu 114 ta koma kimanin dubu 28. Wa zai sauka matakalar Theresa ranar Litinin da dare?

Sannan ga maganar da ba a cika faɗa ba, yawancin masu waɗannan wurare haya suke yi. Theresa ta shekara sama da 30 a ɗakin nan, sunanta ya kai Turai da Japan, amma a 1983 mai gidan ya ƙi sabunta mata haya. Ta koma wani wuri a titi na 43, abin bai yi armashi ba, a 1986 ta rufe. Ta rasu a 1992. Sai a 2001 aka sa sunanta a jerin gwarazan buluz, Allah sarki, bayan ba ɗakin ba mai ɗakin. Kasuwar Maxwell ma hukumar birni ta tashe ta a 1994 don Jami'ar Illinois ta faɗaɗa harabarta, aka mai da 'yan kasuwa wani titi, tsofaffin gine-ginen da ake jawo wayar lantarki daga cikinsu aka rushe mafi yawansu.

Kiɗan dai bai mutu ba, ƙaura ya yi. Samarin Ingila irin su Rolling Stones, waɗanda suka ɗauko sunansu daga wata waƙar Muddy Waters, su suka ja hankalin Turawan Amurka zuwa ga abin da ke bayan gidansu. Sai gidajen buluz suka fara buɗewa a arewacin Shikago, unguwannin farare, Kingston Mines a 1968, B.L.U.E.S. a 1979, inda ake karɓar kuɗin shiga mai kauri kuma ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido suke cika kujeru. Makaɗi ba zai ƙi ba, yana da iyali, kuɗin can ya fi. Hukumar birni ma ta gane akwai riba, a 1984, shekara ɗaya bayan rasuwar Muddy Waters, aka fara bikin buluz na shekara-shekara a babban filin shaƙatawa na tsakiyar gari. Sai dai baƙo da ya zo daga nesa na dare ɗaya waƙoƙin da ya riga ya sani yake so, shi ya sa za ka tarar ana ta maimaita 'yan waƙoƙi ƙalilan kowane dare. Wani masanin zamantakewa, David Grazian, ya yi littafi guda a kan wannan a 2003. A ɗakin Theresa in mawaƙi ya yi ƙarya a waƙa akwai matar da za ta ɗaga murya ta ƙaryata shi, don ta san shi ta san matarsa. Ɗan yawon buɗe ido tafi kawai zai yi ya ɗauki hoto.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa suna kokawa a kudu shi ne Checkerboard Lounge, wanda Buddy Guy da L.C. Thurman suka buɗe a 1972 a titi na 43. A nan ne a watan Nuwamba na 1981 'yan Rolling Stones suka shigo suka hau tare da Muddy Waters, aka ɗauki abin a fim, har yau ana kallo. Duk da wannan suna wurin bai taɓa kawo kuɗin kirki ba. Guy ya janye a 1985, a 1989 ya buɗe nasa mai suna Legends kusa da tsakiyar gari, inda manyan otal suke. Thurman ya ci gaba shi kaɗai har 2003, lokacin da hukuma ta rufe ginin saboda ya lalace. Jami'ar Shikago ta taimaka aka sake buɗe shi a 2005 a unguwar Hyde Park, a wuri mai tsabta kusa da ɗalibai, amma tsofaffin abokan hulɗa da yawa ba su bi shi can ba, sababbin kuma ba su cika shi ba. Thurman ya rasu a 2015, a shekarar aka rufe Checkerboard. Gidan da Muddy Waters ya zauna a titin Lake Park, wanda makaɗansa suke gwaji a ɗakin ƙasansa, ya shekara da shekaru a kulle da katako a tagogi har aka yi barazanar rushe shi, sai a 2021 birnin ya sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa, wata tattaɓa-kunnensa tana ƙoƙarin mai da shi gidan tarihi.