Tarihin Shari'o'in Kuɗin Makarantun Gwamnati a Amurka, 1968 zuwa 2018

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bi diddigin shari'o'in da iyaye da gundumomin ilimi suka yi da gwamnatocin jihohi a Amurka, a kan kuɗin da ake kashewa a makarantun gwamnati. Abin da zai ja hankalin masu nazarin harshe shi ne, yawancin waɗannan shari'o'i sun ta'allaƙa ne a kan ma'anar kalma ɗaya ko biyu da ke cikin kundin tsarin mulkin jiha.

2.0 Tushen Matsalar

A Amurka, wani babban kaso na kuɗin makarantu yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye da kowace gunduma take karɓa. Saboda haka, gundumar da take da gidaje masu tsada takan tara kuɗi mai yawa ko da harajinta kaɗan ne, ita kuwa gundumar talakawa, ko ta tsananta haraji, abin da take samu ba ya taka kara ya karya.

A shekarar 1968, Demetrio Rodriguez da wasu iyaye 'yan asalin Meziko daga gundumar Edgewood a birnin San Antonio, jihar Teksas, suka shigar da ƙara. A shekarar karatu ta 1967/68, dala 356 aka kashe a kan kowane ɗalibi a Edgewood, alhali a Alamo Heights, gundumar masu hali da ke birni ɗaya da ita, dala 594 aka kashe, duk da cewa mutanen Edgewood sun fi biyan haraji mai nauyi. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai ɗauki ilimi a matsayin haƙƙi na asali ba. Mai shari'a Thurgood Marshall yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa. Wannan hukunci ya toshe hanyar kotunan tarayya, sai masu ƙara suka koma kotunan jihohi.

3.0 Daga Daidaito zuwa Wadatuwa

Shari'o'in farko, irin ta Serrano a Kalifoniya a 1971, sun ginu ne a kan daidaito, wato kada arzikin gunduma ya zama shi ke ƙayyade rabon yaro. Amma daidaito yana da rauni: gwamnati tana iya daidaita kowa a kan ƙarancin kuɗi, ta ce ta cika umarni. Wannan ne ya sa lauyoyi suka sauya hujja, suka riƙa tambayar ko kuɗin ya wadatar ya ba yaro ilimin da kundin jiha ya yi alkawari.

Shari'ar Rose a jihar Kentuki, a 1989, ita ce ta tabbatar da wannan sabon salo. Gundumomi 66 ne suka haɗu suka kai ƙara, tsohon gwamnan jihar, Bert Combs, ya zama lauyansu. Sashe na 183 na kundin jihar ya wajabta wa majalisa samar da ingantaccen tsarin makarantu a duk faɗin jihar. Kotun ƙolin jihar ta tsaya ta fayyace abin da inganci yake nufi, ta zayyana abubuwa bakwai da ya kamata ilimi ya ba kowane yaro, daga ciki har da iya magana da rubutu, da sanin yadda ake tafiyar da mulki, da shiri don sana'a. Daga nan ta bayyana cewa tsarin makarantun jihar gaba ɗayansa ya saɓa wa kundi. A 1990 majalisa ta zartar da dokar gyaran ilimi, ta ƙara harajin saye da sayarwa daga kashi 5 zuwa kashi 6 cikin ɗari. A 1989 ɗin kuma, kotun ƙolin Teksas ta ba gundumar Edgewood nasarar da ta rasa a 1973.

4.0 Wahalar Aiwatarwa

Yanke hukunci daban, fitar da kuɗi daban, domin majalisa ce take riƙe da ikon kasafi. A jihar Washinton, kotun ƙoli ta yanke a shari'ar McCleary, a 2012, cewa jihar ta gaza sauke nauyin da kundinta ya kira aikinta mafi girma. Da majalisa ta yi jinkiri, kotu ta same ta da laifin raina kotu a 2014, sannan a 2015 ta ɗora wa jihar tarar dala 100,000 a kowace rana. Sai a 2018 aka rufe shari'ar. Masu suka suna ganin alƙalai sun shiga hurumin zaɓaɓɓun wakilai. Masu goyon baya kuwa suna cewa alkawarin da babu mai tilasta cika shi, magana ce kawai.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa lafazin kundi shi ne ya ba masu ƙara abin kamawa. Irin wannan tambaya ta taso a Nijeriya, inda sashe na 18 na kundin 1999 ya yi alkawarin ilimi kyauta idan hali ya yi, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kai ƙara a kan babin da yake ciki. Duk da haka, Kotun ECOWAS ta yanke a 2009, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gaban kotu, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kuma ta bi irin wannan hanya a 2017, bisa dogaro da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. A nan ma, masu tsara doka da masu fassara ta zuwa harsunan gida suna da nauyin auna kowace kalma, domin a kanta ne makomar ɗaliban za ta iya ratayuwa.