Daga bolt 144 zuwa 800: yadda transista ta riƙe linzamin motar lantarki

Duk wanda ya shigo sana'ar haɗa motar lantarki a shekarun 1990 ya san kwanturolar Curtis. Masu cire injin fetur daga tsofaffin motoci a Amurka sukan jera batir 12 su haɗa bolt 144, kwanturola ta ba su amfiya 500. Duka-duka kilowat 72 ke nan, ga wayoyi masu kaurin babban yatsa, da an hau tudu sai su ɗauki zafi.

Lissafi ne ya tura mu sama. Ƙarfi shi ne bolt sau amfiya, kuma idan amfiya ta ninka biyu, zafin waya huɗu yake ninkawa. Motar da ke son kilowat 300 za ta ja amfiya 750 a bolt 400, amma 375 ta ishe ta a bolt 800.

To me ya tsayar da mu kusan shekara ashirin a ƙasa da 400? Transista. EV1 ta kamfanin GM ta fito a 1996 da bolt 312, Nissan Leaf a 2010 da 360. Transistar IGBT da aka fi samu a lokacin tana jure bolt 600 zuwa 650, kuma dole a bar rata, domin duk lokacin da ta yanke wuta sai bolt ya yi tsalle. Masu jure 1,200 suna nan, sai dai asararsu ta fi yawa.

A 2017 Tesla ta saka wa Model 3 transistar silikon kabaid, wadda ke kunnawa da kashewa da ƙarancin zafi. Porsche Taycan ta zo da bolt 800 a 2019, Hyundai Ioniq 5 ta biyo a 2021. Ba a banza aka samu ba: rufin waya, injin sanyaya mota da na'urar caji duk sai da aka sake su.

Masu haɗa keken lantarki a Kano da Maiduguri, darasin ɗaya ne. Batirin litiyom da aka rubuta wa 72, idan ƙwayoyi 20 ne masu cika a 4.2, bolt 84 yake bayarwa idan ya cika. Ku auna batir a cike kafin ku sayi kwanturola.