Injin da ke juya kansa da nauyi, ba mai ba kuran: ko zai yiwu?

Masu saurarenmu na gida da ƴan uwa da ke bida a ƙetare, da yawanku kun ga irin wannan bidiyo a WhatsApp ko Facebook: an haɗa wata ƙafa mai kama da ta amalanke, an ɗaura mata kwalabe rabi cike da ruwa ko dunƙulen ƙarfe, an tura ta sau ɗaya, sai ta yi ta juyawa tana kunna ƙwan fitila. Mai bidiyon ya ce ba mai, ba batiri, ba panno, nauyi kawai ke aikin. A inda kuran ke ɗaukewa tsakiyar zafin watan Afrilu, kuma mai lambu ke kashe jikkuna a man injin ban-ruwa, dole maganar ta ja hankali. Amsarmu a taƙaice: ba ya yiwuwa. Ga dalili, kafin wani ya sayar da akuya ko ya aiko kuɗi don a ƙera masa.

Mu fara daga jigo, tunda kowa ya san shi a fadama. Dutsen da ke bayan sandar shi ke ɗago guga cike da ruwa, gaskiya ne. To amma wa ya ɗaga dutsen? Mai ban-ruwa ne, lokacin da ya ja igiya ƙasa don guga ta shiga rijiya. Ƙarfin da ya zuba a wannan jan, shi dutsen ke mayar masa. Jigo yana sauƙaƙa aiki don jan igiya ƙasa ya fi ɗaga ta daɗi ga baya, amma bai ƙara ko ƙwayar ƙarfi ba. Haka jan ƙasa yake a ko'ina: abu mai nauyi yana ba da ƙarfi in yana saukowa, kuma sai an biya daidai wannan ƙarfin kafin ya koma inda ya taso. A ƙafar da ke juyawa, duk dunƙulen da ya sauka ta dama sai ya hau ta hagu, don haka riba a zagaye ɗaya sifiri ce. Ga kuma gugar ƙarfe da ƙarfe da iska suna cin wani abu, su mai da shi zafi da ƙara. Shi ya sa ƙafar keke in an kife keken an juya ta, takan daɗe amma sai ta tsaya. In aka jona mata dinamo, tsayawar ta fi sauri.

Masu ƙera irin wannan ƙafa suna da dabara ɗaya tun da daɗewa: a sa nauyin ɓangaren da ke sauka ya miƙe nesa da tsakiya, na ɓangaren da ke hawa ya naɗe kusa, wai sai gefe ɗaya ya riƙa rinjaye har abada. In kuka ƙirga a zanen, za ku ga na nesan ba su da yawa, na kusan sun taru sun fi su. Ƙafar takan ɗan yi lilo ta samu inda suka daidaita, ta tsaya cak.

Tunanin ba sabo ba ne. Wajen shekarar 1150 masanin lissafi Bhaskara na ƙasar Indiya ya bayyana wata ƙafa mai bututu da aka zuba wa zaiba. Wajen 1230 Villard de Honnecourt na Faransa ya zana tasa da guduma-guduma masu lilo. A 1775 majalisar masana kimiyya ta Paris ta gaji, ta yanke cewa ba za ta ƙara duba irin waɗannan injuna ba. A 1847 Hermann von Helmholtz na Jamus ya rubuta ƙa'idar a fili: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, sauya kama kawai yake yi. Duk injin mota, firiji da jirgin sama a kan wannan ƙa'ida aka gina su.

Waɗanda suka ce nasu ya yi aiki fa? Johann Bessler a Jamus ya sa an kulle ƙafarsa cikin ɗaki a Kassel a ƙarshen 1717, aka buɗe bayan kwana 54 aka iske tana juyawa. Ya hana a duba cikinta sai an biya shi kuɗi masu yawa. Daga baya mai aikin gidansa ta ce daga ɗakin da ke maƙwabtaka ake juya ta, shi kuma ya rasu a 1745 bai nuna wa duniya sirrin ba. Na Charles Redheffer ya fi ban dariya. A 1813 ya baje injinsa a New York, mutane na biya su kalla. Injiniya Robert Fulton ya saurari ƙarar, ya ji ba ta tafiya daidai, kamar ta abin da hannu ke murzawa. Da aka ɓamɓare katako sai ga igiya ta bi cikin bango, a ƙarshenta wani tsoho zaune a ɗakin sama yana juya mariƙi. Tsohon na yau shi ne ƙaramin batiri a cikin katako, ko waya a ƙarƙashin tebur, ko bidiyon da aka yanke aka liƙa.

Wani zai ce ai madatsar Kainji a Najeriya, wadda ke aiki tun 1968, da faɗowar ruwa take ba da kuran, haka kuma ake fatan ta Kandaji a jihar Tillaberi. E, amma ruwan ba shi ya kai kansa sama ba. Rana ce ta ɗebe shi daga teku ya zama hadari, ya zuba a tsaunukan Gini, ya gangaro ta kogin Kwara. Akwai ma famfon da Joseph Montgolfier ya ƙera a 1796, mai tura ruwa sama ba tare da mai ba. Shi ma sai da ruwa mai gudu, kuma yawancin ruwan zubewa yake, kaɗan ke hawa. A rijiyar lambu mai ruwa tsaye ba zai yi ba.

Kuma ƙarfin nauyi bai kai yadda ake zato ba. Tankin lita 1000 a kan shato mai tsawon mita 10, in aka sako ruwan duka ta cikin dinamo, abin da ke ciki bai wuce cajin babbar salula sau biyu ba, kafin ma a cire asara. Ƙaramin panno mai wat 50 yana ba da fiye da haka cikin awa ɗaya ta rana mai kyau.

In wani ya kawo muku irin wannan injin kasuwa, ko ɗan uwa ya bugo yana neman kuɗin walda, ba sai an yi faɗa ba, sau da yawa shi ma ya yarda da abin ne da zuciya ɗaya. Ku ce a fito da shi tsakar fili, nesa da bango da wayar kuran, a ɗora shi kan benci da ake ganin ƙarƙashinsa, a kwance duk wani akwati da ke rufe, a kira mai gyaran rediyo na garinku ya duba. Sannan a jona masa injin ban-ruwa ko dutsen guga, a tsayar da ƙafar da hannu, a sake ta, a zauna a jira.