Kifin Bakin Teku: Abin Lura Ga Mai Zuwa Ganin Gida A Legas

A Agege aka haife ni, can iyayena suke har yau, amma aiki ya kai ni Kano. Shi ya sa in na ce zan je gida, motar Legas nake hawa, tafiyar kusan kilomita 1,000. Duk zuwan da zan yi, kafin in huta Hajiyarmu za ta ce, "To, gobe sai Epe ko?" Ga abin da na koya a wannan aiken, ko zai amfani 'yan'uwa.

Inda ake samu

Garin Epe yana bakin tafkin Lekki, gabas da birnin Legas. Kasuwar kifinsa, wadda ake kira Oluwo, galibi mata ne ke riƙe da ita. Akwai tarwaɗa, karfasa, ƙaguwa da jatan lande, wasu ma da ransu. Sammako ya fi, kafin rana ta taɓa kayan. Wanda Epe ta yi masa nisa, zai samu busasshen kifi a Makoko.

Na gida da na waje

Nan ne baƙi suke ruɗewa. Titus da kote da muke ci kullum kifin ƙanƙara ne, daga ƙasashen waje ake shigo da su. Na ruwanmu su ne irin su kuroka, bonga da ake busarwa da hayaƙi, sai kirefish, wato ƙananan jatan lande da aka busar don miya.

Batun halacci

Yarana da suka tashi a Kano sun taɓa ƙin cin ƙaguwa, wai ƙwaro ne. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne. Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi kaɗai. Sai dai a kula, jikin wasu bai karɓar jatan lande da ƙaguwa. In yaro ya ci ya fara ƙaiƙayi, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya asibiti.

Gane sabon kifi

A duba ido, ya zama garau ba hazo. A ɗaga marfin kunnensa, cikin ya zama ja. In ka danna jikinsa da yatsa, wurin ya dawo daidai. Ƙaguwa kuwa, mai rai ake saye. Jatan landen da kansa ya yi baƙi yana wari, a bar wa mai shi.

Tsaraba

Wata shekara na zuba ɗanyen jatan lande a kula da ƙanƙara, zan kai wa surukaina. Kafin mu kai Kaduna ƙanƙarar ta narke, wari ya ishi fasinjoji, dole na zubar. Tun daga nan busasshe nake ɗauka: bonga da kirefish, a naɗe a takarda, a sa a kwali, in an isa a ƙara shanyawa.

Ɗanyen kuwa a ci shi a gida. Farfesun kurokan da Hajiya take yi da attaruhu ba ya shiga mota, sai dai mutum ya zo ya zauna gabanta ya sha. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya.